Ƙofar da Reggie Nudd Ya Kankare

Gidan Ashwold, Norfolk
12 ga Agusta, 1986

Zuwa ga 'yata Glenda,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya, ke da mijinki Piers da jaririya, da surukinki Kanar Merriot. Ina fata ruwan saman Scotland bai jiƙa ku har ƙashi ba, kuma Kanar ya kama kifin da ya je nema. Karnukan da kuka bar mini suna nan ƙalau. Babban ya cinye mini takalmi wari guda, na yafe masa, don yanzu ba ni da bakin ganin laifin kowa a gidan nan.

Ki zauna kafin ki ci gaba. Idan kina riƙe da yarinyar, ki miƙa wa ubanta.

Kin san ni da alƙalami ba ma shiri. Ina shekara goma sha huɗu malamin makaranta ya raka ni bakin ƙofa ya ba ni hannu, ni ina murna shi yana murna. To ki yi haƙuri da rubutun, zan ɗauko miki maganar daga tushe.

Ran da za ku tafi, kina can sama kina ɗaure kaya, Kanar ya ja ni gefe ya sa mini makullin ɗakin karatu a hannu. Ya ce, "Mista Nudd, ko Piers ba na ba shi wannan. Amma kai ka fi mu duka sanin darajar abin da ke ciki." Glenda, tun da aka haife ni wani mai muƙami bai taɓa cewa na fi shi sanin komai ba. Kaina ya kumbura har hula ta matse ni.

Washegari na buɗe na shiga. Kin san kabad ɗin littattafan nan da ya cinye bango guda, daga ƙasa har rufi. Katakon mahogani ne zalla, tsakiyarsa ta turo gaba, ƙofofin gilashi huɗu, siraran ginshiƙai masu tsaga-tsaga, can sama kuma an sassaƙa tulu da igiyar ganye tana reto a gefensa. Kanar ya ce wani kakansa na can baya ne ya sa aka yi shi domin bangon nan a 1775. Wanda ya yi shi ya iya aiki, na sara masa. Na ja durowar ƙasa, ta fito shiru kamar an shafa mata man shanu.

Sai dai ya dushe. Wajen makulli ya yi baƙi da dattin hannu. Gefen da ke kallon taga rana ta koɗar da shi, ya koma kalar shayi mai madara. Gilasan kuma ba ko ɗaya da ya miƙe, idan ka leƙa sai ka ga littattafan suna rawa. Na ce a raina, mutanen nan suna da filin da ya kai gari guda amma ba su da mai duba musu katako. Shekara arba'in da ɗaya ina shafa wa jiragen haya man sheƙi a bakin kogi, ba jirgin da ya taɓa barin hannuna da fuska irin wannan.

Kuma in faɗa miki gaskiya, na so in yi musu wani abu. Tun bikinki nake cin abincinsu da cokulan da ban san wanne ake fara ɗauka ba. Na ce bari su dawo su tarar uban Glenda ma yana da abin bayarwa.

Na kwance ƙofar hagu na kai ta barga. Na zuba mata maganin cire fenti, na bi ta da samfefa, mai kaushi sannan mai laushi, har jan katakon ya fito kamar jiya aka sare shi. Gilasai goma sha uku ne a jikinta. Biyu sun fashe a hannuna, sai na ce gara a yi su bai ɗaya, na shiga gari aka yanko mini sababbi sumul. Tsofaffin na zuba a shara, mota ta kwashe ranar Alhamis. Daga nan na yi mata shafe shida na man jirgi. Kwana tara na yi a kanta. Ban taɓa aikin da ya kai shi kyau ba, kina iya gyara gashinki a jikinta.

Jiya na mayar da ita, na kira Misis Gotts mai kula da gidan ta zo ta gani. Na koma gefe, hannu a aljihu, ina jiran yabo. Ta shigo da tiren shayi. Ta duba. Ta ajiye tiren a kan kujera a hankali, ita kuma ta zauna a ƙasa. A ƙasa fa, mace mai shekara sittin da wani abu.

Na ce, "Yaya, Misis Gotts, ta kashe miki ido ko?"

Ta ce, "Reggie Nudd, me ka yi?"

"Wanka na yi mata. Saura uku."

"Ka taɓa ukun nan ka ga yadda ake karya wa tsoho hannu da muciya. Shekara talatin ina shafa wa kabad ɗin nan kakin zuma sau biyu a shekara da tsumma mai laushi, uwata ta yi talatin kafin ni. Ko ruwa ba a yarda ya taɓa shi ba. Baƙin nan da ka kankare, shi mutane ke tasowa daga London su gani."

Na ce, "Datti suke zuwa gani?"

Ta ce, "Dattin shekara ɗari biyu ne, sakarai. Ina gilasan?"

Na gaya mata. Ta tashi ta ɗauki tiren ta fita da shi, har da nawa shayin.

Na ja da baya zuwa bakin ƙofa na sake dubawa, sai a lokacin idona ya buɗe. Uku suna tsaye kamar dattawa a coci, ta huɗun tana walƙiya kamar kantar mashaya. 

Ban san yadda ake gaya wa Kanar irin wannan ba, ki koya mini. Sati shida ya rage a yi wa yarinyar baftisma a gidan nan. Ina so in zo in tsaya a matsayin kakanta, ba mutumin da ake nunawa da haɓa ba.

Ki gaida kowa. Ko kuma bari, kada ki ambaci sunana tukuna.

Ubanki, wanda ya fi kare ɓarna,
Reggie

Scotland
15 ga Agusta

Baba,

Ina gaisuwa, da fatan jikinka lafiya. Wasiƙarka ta iso. Sau uku na karanta ta a banɗaki, na bar famfo a buɗe don kada a ji ni.

Kada ka ƙara taɓa komai. Kada ka ce za ka gyara, na san ka, yanzu haka kana tunanin yadda za ka mayar da baƙin da man takalmi. Kada ka rubuta wa Kanar, idan ya buga waya kuma kada ka ɗauka. Ka ba Misis Gotts makullin da karnukan, ka koma gida kafin mu dawo ranar Juma'a ta sama. Ni zan gaya musu da bakina.

Na san domina ka yi. Amma Baba, shekara uku ke nan ina koyon yadda ake tafiya a gidan nan ba a ji ƙarar takalmina ba.

Maganar baftisma mu bar ta tukuna. Akwai kuma abin da ya kamata ka ji daga gare ni, amma ba a takarda ba.

Ka riƙa shan maganin ƙirjinka.

'Yarka,
Glenda

Gidan Ashwold
26 ga Agusta

Zuwa ga Mista Nudd,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Na gode ƙwarai da kulawar da ka yi wa karnuka. Sun yi ƙiba.

Na ga aikin da aka yi a ɗakin karatu. Babu shakka ya ci lokaci.

Ni soja ne, ban san katako ba. Amma tun kafin aure Glenda ta shaida mana cewa ka shekara arba'in kana gyaran tsofaffin kayan katako na manyan gidajen ƙasar nan, shi ya sa na ba ka makulli hankalina a kwance. Saboda haka na ɗauka akwai dalilin da ya sa ka bi wannan hanya, wanda sanina bai kai gare shi ba. Wani masani zai zo daga London ranar goma ga Satumba. Ya roƙi ka rubuta masa abin da ka shafa, da sunayen gidaje biyu ko uku da ka yi wa irin wannan aiki, domin ya ga yadda yake zama bayan shekaru.

Marigayiya matata ta fi son kallon littattafan ta gilashin ƙofar hagu. Takan ce suna motsi kamar a ƙarƙashin ruwa suke. Idan tsofaffin gilasan suna wurinka, zan so a dawo da su.

Naka cikin girmamawa,
A. Merriot

Bakin Kogi
30 ga Agusta

Zuwa ga Glenda,

Ina gaishe ki, ina gaida yarinya. Na dawo gida lafiya kamar yadda kika umarta, ta ƙofar baya, da jakata a hammata. Misis Gotts ta ba ni burodi da cuku na ci a hanya, amma ba ta dube ni ba.

Ashe an ƙara mini girma shekara uku da suka wuce ba wanda ya sanar da ni. Wasiƙar Kanar ce ta kawo mini labarin. Na sa miki ita a cikin wannan ki karanta. Wai ni ne mai gyara wa manyan gidaje kayan tarihi. Da kin gaya mini tun farko ai da na sayi tabarau mai igiya.

Yanzu na gane abin da ya sa ranar bikinki, duk wanda ya matso ya ce, "Mista Nudd, wane aiki kake yi?" sai ki kama hannuna ki ce in zo in ga furanni. Na ga furanni ranar nan har na ƙoshi. Ni kuwa ina cewa a raina yarinyar nan ba ta son rabuwa da ubanta.

Na zauna in yi fushi da ke, fushin ya ƙi zama. Kakanki laka yake kwasa a kogi, kin sani. Wata rana ina tafe da yarinyar da nake nema, na hango shi yana tahowa, laka har gwiwa, sai na ja ta muka tsallaka titi. Uwarki ce yarinyar. Ta saki hannuna ta koma ta gaishe shi, ta bar ni tsaye gaban shagon kifi. To daga ina zan ce kin gado? Abin da dai ya tsaya mini a rai shi ne, warin man nan da kika ɓoye, shi kike shaƙa a rigata kina ƙarama har barci ya ɗauke ki.

Na kai wa Wally wasiƙar, kin tuna shi, abokin aikina mai kunne ɗaya da rabi. Ya karanta da yatsa, ya yi dariya har ya ƙware.

Ya ce, "To Farfesa, waɗanne gidaje za ka rubuta? Ka sa akurkin kajina, ai kai ka yi masa ƙofa."

Na ce, "Rufe mini baki, tsohon kwaɗo."

"Har yau kajin suna duba fuskarsu a jiki, ka ce masanin ya zo ya gani."

Da ya ga ban yi dariya ba sai ya ajiye kofinsa. Ya ce, "Reg, ka gaya wa mutumin gaskiya mana. Jirgi kake shafawa, ba sata kake yi ba."

Na ce, "Gaskiyar ba tawa ba ce ni kaɗai. Idan na faɗa, 'yata ta zama maƙaryaciya a teburin da za ta ci abinci har ta tsufa."

Ya ce, "To sai yaya?"

Ga yadda na yi, kuma na riga na jefa a akwatin gidan waya, kada ki wahalar da kanki. Na rubuta wa Kanar cewa duk abin da kika faɗa gaskiya ne, dā can ni gwani ne. Amma tun rasuwar uwarki kaina ya fara kwancewa. Na ce wani lokaci nakan sa buta a wuta ba ruwa, nakan kira kare da sunan ƙanena. Na ce ranar nan na tashi ne na ɗauka ƙofar gefen jirgi ce, kuma sunayen gidajen da na yi wa aiki duk sun zube mini. Na rubuta sunan man da na shafa domin masanin. Maganar gilasai ce na kasa. Na fara sau huɗu ina yagewa, ƙarshe na ce ban tuna inda na sa su ba.

Ba sai na yi wani ƙoƙari ba wajen sa rubutun ya yi kama da na ruɗaɗɗe. Hannuna na kullum ya wadatar.

Ki bar shi a haka, Glenda. Tsohon da kansa ya kwance ba a jin haushinsa, tausayinsa ake ji, kuma ba mai tuhumar 'yarsa. Baftisma ba zan zo ba. Ki ce mura ta kama ni, ki aiko mini da hoto, wanda fuskarta ta fito sosai.

Ki shafa mini kanta.

Ubanki, tsohon gwani,
Reggie

Gidan Ashwold
12 ga Satumba

Baba,

Ina gaishe ka. Na daɗe ban amsa ba don na rasa ta inda zan fara.

Wasiƙarka ta samu Kanar muna karin kumallo. Ya karanta a ransa, sannan ya karanta mana a fili, a hankali, har wurin buta. Ya cire tabarau ya ce, "Bawan Allah. Da na sani ai da ban ɗora masa nauyin gida ba." Piers ya ce ya san wani likita a Norwich mai duba irin wannan, kuma akwai gidan tsofaffi mai kyau kusa da teku. Kanar ya ce lallai ka zo baftisma, a zaunar da kai kusa da murhu, Misis Gotts ta riƙa lura da kai, sai dai kada a miƙa maka yarinyar.

Ina zaune ina shafa wa burodi bota. Sun yi maka kirki, Baba, kirkin da ban taɓa jin sun yi wa kowa ba. Kuma ga wasiƙar da ka aiko mini a aljihuna, na san da na yi shiru shi ke nan, na tsira.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, "Kan ubana ƙalau yake. Ya fi na duk wanda ke teburin nan. Bai taɓa gyara kayan tarihi ba, jiragen haya yake shafa wa mai, kuma ba wanda ya kai shi a kogin nan. Ni na yi muku ƙarya ranar da na fara cin abinci a gidan nan. Kanar ya tambaye ni aikinsa, na ce katako, ya ce tsofaffin kaya ke nan, na ce e. Daga nan kullum sai na ƙara mata ƙafa. Ubana bai sani ba sai da Kanar ya rubuta masa. Gilasan kuma motar shara ta kwashe su."

 Can sai Kanar ya ce, "Piers, miƙo mini zuma." Ya shafa, ya ci, ya naɗe jaridarsa ya fita.

Piers bai yi mini magana ba sai da yamma. Ya ce, "Shekara uku, Glenda. Kin ɗauka jirgi zai dame ni?" Na ce ban sani ba, ban ba shi damar ya nuna mini ba. Har yanzu muna gaisawa kamar maƙwabta.

Kwana biyu bayan haka na haɗu da Kanar a matakala. Ya tsaya ya ce, "Da kin faɗi gaskiya, da ban ba shi makulli ba, da ƙofar tana nan." Bai ɗaga murya ba. Na ce haka ne. Don haka ne, Baba. Kai ka riƙe samfefa, amma ni na buɗe maka ɗakin.

Masanin ya zo shekaranjiya. Ya daɗe yana shafa ƙofar da bayan hannu, ya ce bai taɓa ganin ɓarnar da aka yi da gwaninta haka ba, ko gashin burushi ɗaya babu. Ya tafi da ita London. Zai cire man, ya mayar da launin, ya nemo tsohon gilashi daga wani wuri. Zai ɗauki shekara. Ya ce baƙo ba zai gane ba, amma duk wanda ya san ta zai gane. Yanzu wurin a buɗe yake, Kanar ya juya kujerarsa ta ba shi baya.

Na tambayi Kanar maganar zuwanka. Ya ce, "Kakan yarinya ne. Ba ni ke gayyatarsa ba, ba kuma ni zan hana shi ba."

To ni nake gayyatarka. Ba zan ce za a yi maka maraba ba, ni ma a ɗofane nake. Za a yi maka ladabin nan nasu mai sanyi, ka san shi. Amma ina so ka zo ranar ashirin da ɗaya, ka riƙe ta a gaban kowa. Na ji kunyarka ba ka yi mini komai ba, kai kuma ka yarda a ce ka haukace don kada a ji kunyata. Ban san yadda ake neman gafarar irin wannan ba. Ina nema dai.

'Yarka,
Glenda

Bakin Kogi
15 ga Satumba

Glenda,

Ina gaishe ki. Kin ɓata mini aiki. Sau ɗaya a rayuwata na yi ƙaryar da ta zauna daram, kin zo kin ture ta. Yanzu a idon Kanar ni maɓarnaci ne kuma maƙaryaci, da hankalina garau. Na rubuta masa layi huɗu na ce haka ne, na ce kuma na ji maganar matarsa, ba ni da abin da zan mayar masa. Bai amsa ba, ban kuma sa rai ba.

Maganar gafara, ba na son jinta a takarda, rubutu yana sa ni ciwon ido. Ki kula da mijinki, shi ne bai san hawa ba bai san sauka ba.

Zan zo a motar ƙarfe goma sha ɗaya. Na kai kwat ɗina wanki. Hannuwana za su zauna a aljihu sai kin miƙo mini ita.

Abu ɗaya nake roƙo. Idan kin hango ni na shigo ta ƙofar gaba, ki sauko ki tarye ni. Matakalar dutsen nan guda tara ce, kuma Kanar zai kasance a tsaye a samanta. Ni kaɗai ba zan iya hawa ba.

Ubanki,
Reggie